Ya ce matuƙin jirgi ne, amma da tsohuwar Camry yake zuwa zance

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni uwa ce, a Hindawiyya nake zaune a nan Makka. Wani yaro ɗan gidan Hausawan Jidda yana neman 'yata ta biyu. An ce mana matuƙin jirgin sama ne, shekararsa 4 yana aiki. Ladabi da hankali babu abin da za a ce. Abin da ya tsaya mana a rai motarsa ce, wata tsohuwar Camry ta 2009, fentin samanta duk ya ƙoɗe. Da ita yake zuwa gaisuwa, da ita ma ya kawo iyayensa. Gwaggonnin yarinyar sun rabu biyu: wasu sun ce ƙarya yake, ba matuƙi ba ne, wasu sun ce ko da gaskiya ne to marowaci ne, yarinya wuya za ta sha. Mahaifinta ya rasu, baffanta da yake waliyyinta ya ce sai abin da na ce. Yarinyar tana sonsa, ni kuma barci ya ƙaurace wa idona. A ba ni shawara.

Wata uwa daga Makka

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah Ya jiƙan maigida, Ya kai haske kabarinsa, Ya ba ki ikon sauke nauyin da ya bar miki.

Ina cikin karanta wasiƙarki, da na zo wajen fentin da ya ƙoɗe, sai motar ƙanena ta faɗo mini a rai. Shi ma tuƙin jirgi ne sana'arsa, ya haura shekara 20 a ciki, kyaftin ne yanzu mai igiya huɗu a kafaɗa, amma wanda ya gan shi da asuba yana fita daga unguwa zai ɗauka ɗan kabu-kabu ne ya fito neman fasinja. Saboda haka abin da zan gaya miki ba jita-jita ba ce. A gidanmu aka yi, har da hawaye a ciki.

Zargi biyu gwaggonni suka ɗora wa yaron nan, kuma ba maganinsu ɗaya ba. Na ƙarya shi ne mai sauƙi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a sana'ar da komai nata a rubuce yake. Matuƙi ba ya rabuwa da takardu uku: lasinsa, takardar likita mai ɗauke da ranar da za ta ƙare, da katin kamfaninsa mai hoto. A wayarsa kuma akwai jadawalin wata, mai nuna ranar tashi da lambar jirgi da garin da za shi. Baffan yarinya ya zaunar da shi ya ce, "Ɗana, al'ada ce, a nuna mini." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, kullum a bakin aiki ana tambayarsa su. Sannan a sa wani namu da ke aiki a filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda ya yi tambaya a natse, Hausawa ba su yi kaɗan a can ba. Kwana biyu sun isa. Abu ɗaya kawai za ki kiyaye: wanda ya shekara 4 yana aiki, yawanci mataimaki ne, mai zama a kujerar dama. Idan ya ce shi ba kyaftin ba ne tukuna, kada wata ta ce ta kama shi. Shi ma tuƙi yake yi, karɓa-karɓa suke da kyaftin, wannan ya kai jirgi, wancan ya dawo da shi. Babban lasin ba a bayar da shi sai mutum ya cika awa 1,500 a sama, kuma kamfanoni kan nemi abin da ya fi haka nesa kafin su ba mutum kujerar hagu.

To, mu zo kan mota.

Wata shekara, a tsakiyar zafi, Allah Ya haɗa mu dawowa daga Kano a jirgi ɗaya da ƙanena, shi yana gaba yana aiki, ni ina cikin fasinja. Da muka sauka Jidda ya ce in jira shi mu tafi gida tare. Ya ja ni har inda ma'aikata ke ajiye motoci. Sahu-sahu suke, ƙura ta rufe su har mutum zai iya rubuta sunansa a gilashi, kowace an tokare gabanta da kwalin tare rana. Corolla, Camry, Accent, ga wata tsohuwar Caprice can gefe. Ya nuna mini wata fara da madubinta ɗaya a ɗaure da salatif, ya ce ta wani kyaftin ce mai tuƙa Boeing 777. Da ya buɗe tasa sai wani huci ya bugo mu kamar an buɗe tanderu. Sitiyarin da tawul yake naɗe shi, duk da haka sai da ya buɗe ƙofofi huɗu muka tsaya a gefe kafin ya iya taɓa shi. Robar gaban motar ta tsage daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Gorar ruwan da ya manta a kujera kuwa, da za a jefa mata ganyen shayi da ta dafa shi.

Ya ce da ni, "Yaya, kwananta huɗu a nan. A wata nakan kwana 12, wani lokaci 15, ba a gida ba. Motar da za ta yi rabin rayuwarta a tsaye a rana ita kaɗai, me zai sa in zuba mata riyal dubu 200?"

Ke kin san ranar ƙasar nan, ba sai na ba ki labari ba. Ta Jidda kuma da ƙari, domin iskar teku tana ɗauke da laima da gishiri, su ne ke cin fenti suna kawo tsatsa. Sabuwar mota ko ba a motsa ta ba darajarta sauka take yi, a shekarun farko ma ta fi zubewa. Kuɗin wata-wata na wanda ya saya bashi ba ya tsayawa don mai ita yana Manila, inshora ba ta tsayawa, ga harajin kashi 15 cikin 100 da aka koma biya tun Yulin 2020 a kan abin da aka saya. Mai tsohuwar mota in ya dawo ya tarar wani ya buɗe ƙofa ya goge masa gefe, sai ya shafa da hannu ya shiga ya tafi gida ya yi barci.

Wannan dalilin na fili ne, kowa zai iya gani. Na ɓoyen ya fi shi nauyi.

Mutane suna jin albashin matuƙi, ba sa jin abin da aka kashe kafin a kai ga albashin. Wanda kamfani ko gwamnati ba su ɗauki nauyinsa ba, karatun nan daga ƙaramin jirgin koyo irin Cessna har zuwa lasin aiki ba wuya ya lashe riyal dubu 300, wani ma fiye. Bayan nan akwai horo na musamman a kan irin jirgin da zai riƙa tuƙawa, a ce Airbus A320, shi ma kuɗinsa daban. Wani filin gado aka sayar masa, wani zinaren uwarsa, wani banki. Wanda kamfani ya biya masa kuma an ɗaure shi da yarjejeniyar shekaru, in ya tafi kafin lokaci sai ya biya. Yaro mai shekara 4 a aiki, in ɗan talakawa ne irinmu, akwai yiwuwar har yanzu wannan ramin yake cikewa. Idan haka ne, tsohuwar motar nan shaida ce a gare shi, ba a kansa ba: ya zaɓi ya fara sauke haƙƙin waɗanda suka tsaya masa.

Shi ƙanena bai yi wannan hankalin da farko ba. Wata shida da samun aikinsa ya je ya ɗauko wata ƙatuwar jif sabuwa dal, biyan shekara 5. Ranar da ya shigo da ita unguwa har guɗa aka yi, mahaifiyarmu ta fito ta dafa ta tana addu'a, yara suka kewaye ta. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, mun daɗe ana yi mana kallon waɗanda ba su da kowa. Wata 14 bayan nan ya tafi ganin likita irin na kowace shekara, abin da ya saba yi ya dawo kafin azahar. Ya dawo ɗin, amma ya jingina jakarsa a bayan ƙofa, ya zauna a ƙasa ko takalmi bai cire ba. Matarsa tana da ciki wata shida a lokacin. Abin da ya ce kawai shi ne, "An riƙe takardar." Likita ya ga wani abu a zanen bugun zuciyarsa da bai gamsu da shi ba, sai an yi bincike. Mutum lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi, a ranar ma shi ya hau da tukunyar gas hawa na uku, amma ba shi da ikon taɓa jirgi.

Wata 7 ya yi a ƙasa. A nan muka gane yadda albashin yake: akwai na tushe, akwai kuma alawus na awoyin tashi da na kwanan waje, kuma wannan na biyun kaso ne mai tsoka. Ranar da ka daina tashi, ranar yake tsayawa. Ga bashin karatu, ga na mota, ga haya, ga haihuwa na tafe. A wata na huɗu ya nemi wanda zai karɓi ragowar bashin motar ya sallama masa ita, kuɗin farko da duk abin da ya biya suka bi iska. Awarwarona biyu na kai kasuwar zinare muka biya hayar gidansa. Allah cikin ikonSa bincike ya nuna babu komai, aka mayar masa da takardarsa. Albashinsa na uku bayan komawa, ya tafi haraj, kasuwar tsofaffin motoci, ya sayi Camry da kuɗi a hannu. Daga ranar har yau bai sake cin bashi a kan abin hawa ba.

Ki gane, Hajiya, ɗan kasuwa in hawan jini ya kama shi yakan sha magani ya buɗe shago. Malamin makaranta in idonsa ya yi rauni ya ƙara gilashi ya shiga aji. Matuƙi kuwa abincinsa a rataye yake jikin takarda guda da ake sabuntawa aƙalla sau ɗaya a shekara, in shekaru sun ja kuma duk wata 6. A duba ido, a duba kunne, a auna jini, a gwada fitsari, a ɗauki bugun zuciya. Bayan likita kuma ga jarrabawa, kusan duk wata 6 sai an sa shi a wani akwati mai kamar gaban jirgi sak, yana motsi yana girgiza, irin waɗanda ke makarantar ma'aikatan jirgi ta Jidda, wadda a da ake kira makarantar Yarima Sultan. A kashe masa inji ɗaya daidai lokacin da zai ɗaga, a kunna masa ƙararrawar gobara, a rufe masa gari da hazo, mai jarrabawa yana zaune a bayansa da biro. Kyaftin mai furfura ma sai ya shiga. Wanda ya faɗi a sake masa horo, wanda ya yi ta faɗuwa aikin ya bar hannunsa. Ba kuma zai ce bari in ƙara dare in ƙara samu ba, doka ta ƙayyade masa awoyi, wajen 100 a wata, 900 zuwa 1,000 a shekara. Ranar da ya cika shekara 65, ƙa'idar duniya ta ce ya sauka daga jigilar fasinja tsakanin ƙasashe, ko da ƙarfinsa.

Kamfanonin su ma ba duwatsu ba ne. Iyayenmu da suka zo aikin Hajji a jirgin Nigeria Airways ba su taɓa zaton zai mutu ba, a 2003 aka rufe shi, ma'aikatansa suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. A nan ƙasar kamfanin jirgi mai suna Sama ya tsayar da tashi a 2010. A Maris na 2020 korona ta sa aka dakatar da jiragen ƙasa da ƙasa, Umara ta tsaya, Hajjin shekarar 'yan tsiraru ne suka yi, jirage suka yi layi a ƙasa an toshe bakin injinansu. 'Yan uwanmu na Sudan kuwa, ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, aka wayi gari ana harbi a filin jirgin Khartum, jirage suka ƙone a inda suke tsaye, har wani na Saudiyya da ke shirin tashi zuwa Riyad harbin ya same shi. Matuƙan da ke can da safe suna da aiki, da yamma babu filin ma. Gaskiya ne yanzu kasuwar a buɗe take a nan, ga flynas, ga flyadeal da ya fara a 2017, ga Riyadh Air da aka sanar a 2023, ana neman matuƙa. Amma yaron da ke kujerar dama yana kwana a sama da dattijon da ya ga waɗancan ranakun, awa shida, awa takwas, su biyu a ɗaki ɗaya, hira ba ta wuce ta wane da aka sallama da wane da likita ya tsayar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Akwai wata magana da ƙanena ya taɓa yi mini da ta zauna a raina. Ya ce ba a taɓa tashi da man da zai kai ka inda za ka kawai. Sai an ƙara na zuwa wani filin dabam in wancan ya ƙi saukuwa, a ƙara na ko-ta-kwana, sannan a ƙarshe akwai na minti 30 da ba a lissafa shi cikin na tafiya sam, wanda duk ya kai ga taɓa shi ya shiga halin gaggawa ke nan. Mutumin da aka yi shekaru ana cusa masa wannan a ka, in albashi ya shigo hannunsa haka yake kasa shi. Abin da gwaggo take so ta gani a ƙofar gida, shi yana can ya ajiye shi a matsayin man minti 30.

Sannan su tsufan inji ba ya ba su tsoro yadda yake ba mu. Mu shekarar mota muke tambaya, su littafinta suke tambaya. Jirgin da ya shekara 20 yana ɗaukar alhazai lafiya lau, domin kowane ƙarfe a jikinsa da awoyinsa a rubuce, in lokacinsa ya yi a cire shi ko bai lalace ba. Kamfanin jirgin saman ƙasar nan ma da jirgi ƙirar DC-3 guda ɗaya ya fara, wanda shugaban Amurka Roosevelt ya ba Sarki Abdul'aziz kyauta a 1945, kuma irin wannan jirgi da ya fara tashi tun 1935 har yau akwai masu aiki a wasu ƙasashe. Ƙanena yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango a aljihun gaban motarsa. Ranar da aka canza baƙin mai da kilomitar da aka canza shi, ranar birki, ranar batir, ranar taya, duk suna ciki da rubutun hannunsa. In za mu Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400, sai ya zagaya motar kamar yadda yake zagaya jirgi kafin tashi: ya durƙusa ya duba ƙasa ko wani abu na ɗiga, ya latsa kowace taya, ya sa yaro ya taka birki shi yana baya yana kallon fitila. Mahaifiyarmu takan ce ya cika tsirfa, amma ba mu taɓa kwana a hanya ba.

Batun burgewa kuwa ba sai na ja shi ba. Wanda yake ɗaga jirgi mai mutum 180 ya kai shi sama da gajimare, yana gudun da ya haura kilomita 800 a awa, ba mota ce za ta sa ƙirjinsa ya buga a titin Jidda zuwa Makka ba, inda kyamarar Sahir mai kama masu gudu ke jiran kowa.

Kada ki ɗauka ina wanke yaron ne. Ban san shi ba, kuma ba kowane matuƙi ne haka ba, akwai masu Lexus, akwai masu canza mota duk shekara biyu. Akwai kuma marowata na gaske a cikinsu da suke fakewa da duk abin da na lissafa miki. Gwaggonnin da suka ji tsoron rowa ba su yi laifi ba, domin rowar miji ciwo ce da mace take kwana da ita ta tashi da ita, ba mai gani. Hindu 'yar Utba har gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, bai kuma ce ta yi shiru ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Inda suka kuskure shi ne wurin da suka duba. Fenti ba ya nuna rowa.

Ita motar kanta za ta gaya miki, in kin san inda za ki kalla. Tsohuwa daban, wulaƙantacciya daban. Motar mai tattali muninta a waje yake, ta marowaci a ciki. Marowaci tayarsa ta suɗe har zare ya fito yana cewa da saura. Mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, ya mutu tun bara, a watan Agusta yana ce wa uwarsa a sauke gilashi a sha iska. Jar fitila tana ci a gabansa ya saba da ita, allurar mai kullum tana kwance, fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ya wuce lokaci, inshora sai ranar da aka tsayar da shi yake tunawa da ita. Ki sa ɗanki ko wani yaron gida ya duba gefen tayar, akwai lamba huɗu a jere a ƙarshen wani rubutu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ya ga 2322, mako na 23 ke nan na 2022. Mutumin da fentinsa ya ƙoɗe amma tayoyinsa huɗu sababbi ne masu kyau, ya san inda ake sa kuɗi, kuma ran wanda ya ɗauka yana da daraja a wurinsa.

Sauran binciken a gidansu yake. Ki aika mace mai hankali, ba mai surutu ba, ta je ta gaida mahaifiyarsa ta zauna ta sha shayi. Ɗakin tsohuwar da sanyi? Maganinta yana yankewa? Ƙannensa mata me suke cewa in an ambaci sunansa, fuskarsu sakewa take ko ɗaurewa? In ya dawo daga tafiya hannu na dukan cinya yake shigowa, ko da ɗan abin da zai miƙa wa yara? Wanda ke wanke motoci a layinsu ma ya san amsar da kike nema. Shi kuma baffa ya tambaye shi kai tsaye, ba kunya a ciki: bashin karatu nawa ya rage, yaushe zai ƙare, ina zai ajiye yarinya, yana da abin da ya tanada in aka tsayar da shi wata shida? Akwai inshora ta musamman da matuƙa ke yi saboda ranar da likita zai karɓe lasin, a tambaye shi ko yana da ita. Ba ki faɗa mini ba ko ɗan ƙasa ne ko iƙama, takardar zaman baƙo, yake riƙe da ita. In iƙama ce, zamansa a ɗaure yake da aikinsa, ga kuɗin iyali riyal 400 duk wata a kan kowane kai, to tattalin nasa ma ya zama dole. Mai tattali in an yi masa irin waɗannan tambayoyi da lissafi yake amsawa, har ya ji daɗi an tambaya. Marowaci kame-kame yake yi, ko ya fusata.

Ni abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne abin da babu wanda ya ɗaga a cikin gwaggonnin. Yarinyar nan rabin wata ita kaɗai za ta riƙa kwana. Lokacin Hajji da azumi, da kowa ke tare da iyalinsa, su lokacin ne aiki ya fi yi musu yawa. Sallah za ta zo yana wata ƙasa. Matar ƙanena haihuwarta ta biyu yana sama, ni na riƙe hannunta, sai da ya sauka ya kunna waya ya ji kukan ɗansa. In ya dawo daga tafiyar dare kuma barci zai yi da rana, gida ya yi tsit, biki da suna da yawa ba za a gan shi ba, dangi su ce girman kai ne alhali gajiya ce. Ki zaunar da 'yarki ki gaya mata wannan dalla-dalla, ki ji ko son da take yi masa zai ɗauki wannan. Wata tana iyawa har ta ji daɗin sararin, wata kuma kaɗaici yana cinye ta.

A nan ne kuma maganar mota take da muhalli na gaskiya. Tashi motar ta je ta yi ta ƙonewa a filin jirgi, ba ruwan kowa. Amma ranar da yaro zai yi zazzaɓi ƙarfe biyun dare shi yana Jakarta, da me 'yarki za ta kai shi asibiti? Tun Yunin 2018 mata suna tuƙi a ƙasar nan. Ki sa a cikin magana tun yanzu: ta koyi tuƙi in ba ta iya ba, kuma motar da za a bar mata a gida ta zama lafiyayya, mai tashi bugu ɗaya, mai sanyi, mai bel da jakar iska ta kariya, ko da ba sabuwa ba ce. Gidan kuma ya zama kusa da iyayensa ko wani na jiki, kuma kada a hana ta zuwa wurinki in ya yi doguwar tafiya, ga jirgin ƙasa na Haramaini yana haɗa Jidda da Makka tun 2018. Yadda zai karɓi wannan magana ya fi duk wani bincike. In ya ce dama yana da wannan a lissafinsa, ko ya ɗauko biro ya fara lissafawa a gabanku, alhamdu lillahi. In ya ce ai tasi tana nan, ko ta jira shi ya dawo, to gwaggonni sun yi gaskiya, ki riƙe 'yarki.

Na san kuma akwai abin da ba ki rubuta ba, wato ranar ɗaukar amarya da bakin mutane. Motar amarya ta dare ɗaya ce, hayarta ake yi, a yi mata ado da fure, da safe a mayar wa masu ita. Ki gaya wa gwaggonni za a kawo wadda za ta cika musu ido, wannan ba abin da za a fasa aure a kansa ba ne.

In baffa ya gama ganin takardu, ki ce wa yaron kina so ya zo ranar Juma'a bayan la'asar ya kai ki Jidda ki gaida mahaifiyarsa, a cikin Camry ɗin. Kada ki zauna a gaba. Ki shiga baya, inda 'yarki za ta zauna da goyo, ki ja bel ki ji ko yana kamawa, ki ga ko sanyin mukayyif yana isowa wurinki kafin ku fita daga Makka. In kun hau babban titi, sai ki tambaye shi wa zai kwana da ita ranar da yake sama.